Kwamfutar da Ta Nemi Intanet a Daddara

A tsakiyar watan Oktoba na 2021 na sauka daga motar Katsina a bakin titin Daddara da kwalaye uku da jakar goyo. Kafin in kai ƙofar gida yara sun riga ni kai labari cewa Yaya ya zo da talabijin. Abin da ke cikin kwalayen kayan kwamfutar tebur ne da na yi wata huɗu ina saye ɗaya bayan ɗaya, wasu daga Ikeja, wasu daga Beirut Road a Kano, don in haɗa wa autarmu.

A watan Yuni na shekarar ta zauna jarrabawar JAMB, makin da ta samu bai kai ba. Ta yi karatu, na shaida. Matsalar ita ce ranar jarrabawar ce ranar da ta fara zama gaban kwamfuta a rayuwarta. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, ga hannu na rawa, ga agogo na gudu a saman sikirin. Baba ya ce zai ba ta dama sau ɗaya tak, in ba a dace ba sai a yi maganar aure tunda akwai mai nema. Ni kuwa da na yi digiri a kimiyyar kwamfuta, nake cin abinci da rubuta manhaja, sai kunya ta kama ni. Na yi mata alƙawarin kwamfuta tata ta kanta kafin wata jarrabawar.

Na san an rufe layukan waya. Tun watan Satumba gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, Jibiya na ciki. Na yi makonni ban ji muryar Inna ba, sai saƙon baki ta hannun direbobi. Don haka tun a Kano na sauke Windows 11 na zuba a filash, sabuwa fil, domin ranar 5 ga watan aka sake ta. A ganina na gama shiri.

A zaure na baje kayan a kan tabarma. Tun da aka hana sayar da fetur a jarka janaretan gidanmu ya zama kayan ado, sai Kawu ya aro mini batirin sola da imbata daga shagonsa. Shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo da fanka, bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, ya jawo kujera ya zauna kallo.

Na ɗaure komai, na danna maɓalli. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna har sau biyar. Zuciyata ta tafi kan mafi munin zato, wato babban allon da masu gyara ke kira bod tsohon ajiya ne, bai san sabon furosesan da na sa masa ba, sai an sabunta manhajar cikinsa. Hannuna ya shiga aljihu ya ciro waya kafin in tuna babu inda za ta kai ni.

"Injiniya, ka duba haɗi?" in ji Kawu.

"Kawu, wannan ba kamar rediyo ba ce."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai duk rediyo goma da aka kawo mini, bakwai waya ce ta saki."

Don kar in watsa masa ƙasa a ido na zare ram ɗin biyu na mayar. Sai na ji ɗayan ya yi ƙas, ƙarar da bai yi ba da farko. Ashe ban danna shi ya zauna ba. Sikirin ya kawo haske. Kawu bai ce uffan ba, goro kawai ya ɓara ya miƙo mini rabi.

Bayan la'asar na sa filash. Mun yi nisa kaɗan sai saƙo ya fito cewa wannan kwamfuta ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Kwamfutar da ko kwana ɗaya ba ta yi a duniya ba. Na san sabuwar manhajar na buƙatar wani abin tsaro mai suna TPM 2.0, wanda ke adana makullan sirri, na kuma san yana nan cikin furosesan, kashe shi kawai aka yi tun daga masana'anta. Inda ake kunna shi a cikin saitin bod ɗin ne ya ɓace mini, domin kowane kamfani da sunan da yake ba shi da lungun da yake ɓoye shi. A Kano wannan tambayar minti ɗaya ce. A Daddara sai da na koma cikin kwali na zaro ɗan littafin da ban taɓa ɗaukar irinsa da daraja ba, ƙanwata na haska mini tocila, ina bin shafi-shafi har bayan isha'i.

Washegari komai ya tafi lafiya lau. Fayiloli suka kwafu, kwamfuta ta kashe kanta ta kunna, ta tambaye ni ƙasa da tsarin allon rubutu. Daga nan ta ce in haɗa ta da intanet. Na nemi maɓallin tsallakewa, babu. Nau'in da na zaɓa, na amfanin gida, ba ya ƙarasa saiti sai da intanet da asusun mai amfani. An sanar da haka tun kafin a sake shi, ni ne na karanta na wuce, domin a inda nake zaune sharaɗin intanet tamkar a ce maka sai da iska ne. Na tabbata akwai dabarar kewaye wannan shingen, kuma na san inda aka rubuta ta: a intanet.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wani maƙwabci ya ce masu layin Nijar kan matsa wajen Magama su kama sabis ɗin ɓangaren Maraɗi. Wani ya ce in mayar da ita Katsina, tunda cikin birni ba a rufe ba. Na hango kaina rungume da akwatin ƙarfe mai wayoyi, ina yi wa kowane shingen bincike na hanyar Jibiya bayani, a lokacin da kowa ke zargin kowa. Inna ta ce ba da yawunta ba.

"Yaya, ko dai a bar shi kawai?" in ji ƙanwata. Yadda ta faɗe shi a sanyaye ya nuna mini ta fara sallama har da jarrabawar.

Daren nan na kasa barci. Da farko haushin waɗanda suka tsara manhajar nake ji, har na tuna da aikin hannuna. Wata biyu kafin nan na gama rubuta wa wurin aikinmu manhajar waya ta dillalan taki da iri na karkara. Ba ta buɗewa sai an turo maka lambar sirri ta saƙon tes. Ni na tsara hakan, a ofis mai sanyi, har aka yaba mini. Duk dillalin da ke Jibiya ko Batsari ko Safana, manhajar nan ta mutu a hannunsa tun Satumba, kuma ba shi da ma hanyar da zai kira ya gaya mana. A allon ƙididdigarmu sai dai mu ga masu amfani sun ragu, mu ce mutanen ƙauye ba sa son fasaha.

Da asuba na zazzage jakata na samo filash ɗin aikina, mai ɗauke da Ubuntu 20.04. Ita ma ta tambayi intanet, amma da na ce babu sai ta ci gaba abinta. Kafin Inna ta sauke koko kwamfuta ta tashi. Saura matsala ɗaya, manhajar gwajin JAMB da na sayo a kan Windows kaɗai take aiki. Sai na zauna dare uku na rubuta 'yar ƙarama da ke buɗewa a burauza ba tare da sabis ba: agogon awa biyu a sama, A zuwa D na zaɓin amsa, N na gaba, P na baya, kamar yadda ake yi a ɗakin jarrabawa.

Tambayoyin kuwa ita ta shigar da su da hannunta daga littattafan tsofaffin jarrabawa. Ranar farko tambaya shida ta iya bugawa, da yatsa ɗaya. Kafin in koma Kano tana buga arba'in a zama guda, har ta kama ni da kuskure: in ka koma baya sau biyu amsarka gogewa take yi. Na gyara a gabanta, tana dariya.

Daga baya aka maido da sabis. A watan Mayu na 2022 ta sake zama jarrabawar, yanzu tana jami'a a Katsina. Ni kuma da na koma aiki, abin da na fara yi shi ne cire sharaɗin tes ɗin nan bayan shigar farko, da sa manhajar ta riƙa ajiye aiki a waya har sabis ya dawo. Tun daga lokacin ba na sakin komai sai na kashe data na gwada.

Kwamfutar tana nan a zaure, yaran unguwa na layi a kanta duk kakar JAMB. Har yau ba a taɓa haɗa ta da intanet ba. In ta ƙi tashi ba ni ake kira ba, Kawu ake kira, ya zare ram ya hure ƙura ya mayar.