Jitarmu Sabuwa Mai Kamar Tsohuwa

Tun ranar da muka zo da jita makaranta ake ta tambayarmu inda muka samo ta, shi ya sa muka ce bari mu rubuta amsar a allon kulob kowa ya karanta.

Mu uku ne muke da ita, duk 'yan gida ɗaya. Asali ta kawunmu ce, mai kiɗa a wuraren biki a Ƙonni da Tawa. Da zai tafi ci-rani Aljeriya sai ya tsallako da ita Illela a kan babur, ya ce ya ba mu kyauta, amma kada ya dawo ya tarar ta yi ƙura.

Duk wanda ya gan ta sai ya ce tsohuwar gwanjo ce, alhali ba ta kai mu shekaru ba. Gefenta baƙi ne, tsakiyarta ruwan zuma, kuma an rubuta Squier a kanta. Kawu ya ce Squier na kamfanin Fender ne na Amurka. A shekarar 1954 kamfanin ya fito da jita mai suna Stratocaster. Na asalin da aka yi a wancan zamani yanzu wata ta fi mota tsada. Shi ya sa ake ƙera sababbi da irin siffa da launin na da, domin mai ƙaramin ƙarfi ya samu. Tamu tana cikin waɗannan.

Jikinta katako ne zalla, ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko gurmi. Idan ba a jona ta da sifika ba, kukanta bai wuce na sauro ba. Malaminmu na kimiyya ne ya sa muka kawo ta aji. Ya nuna mana jerin maganaɗisu guda uku a ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida, kowane jeri an naɗe shi da siririyar waya. Tsirkiyar ƙarfe ce. Idan ta yi rawa a kan maganaɗisun sai a samu 'yar ƙaramar wutar lantarki, ta bi waya zuwa sifika ta zama sauti. Ranar nan har masu barci a bayan aji sun fahimci darasi.

Koyon ba sauƙi. Makon farko yatsunmu sun yi bororo, riƙe biro ma da ƙyar. Da hunturu ya shigo kullum sai mun sake ɗaure tsirkiyoyin. Da ɗaya ta tsinke mun zaga kasuwa ba mu samu ba, sai da wani direba ya sayo mana daga Sakkwato. In an ɗauke wuta, da batirin solar gidanmu muke amfani, shi ma sai Inna ta gama cajin waya.

A wayar yayanmu muke kallon Bombino na Agadas da Mdou Moctar, muna tsayar da bidiyon mu ga inda suka sa yatsa. Labarin Mdou Moctar ya fi burge mu. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yaɗu daga waya zuwa waya. Yau yana wasa a Amurka da Turai, kuma bahago ne.

A gida kuwa ba kowa ke son jitar ba. Kakarmu takan ce, "Mu gidanga ba mu gaji kiɗi ba." Babbar matsalar ta zo ne da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023. Sana'ar Baba ta kai kaya Ƙonni ta tsaya cak. Wani mai kiɗan biki ya zo har zaure ya taya jitar da kuɗin da za su sayi buhun gero uku. Baba ya yi shiru, ya ce a ba shi kwana biyu. Ba mu iya cewa komai ba, domin mun san abin da ya rage a rumbu.

Inna ce ta sayar da tunkiyarta, ta ce kyautar ɗan'uwanta ba za ta bar gidan ba. Baba ya yarda, amma da sharaɗi. Ba kiɗa sai mun dawo daga Islamiyya mun gama aikin gida. Ana kiran salla mu kashe sifika. Kuma duk zangon da ɗayanmu ya faɗi jarrabawa, ranar kasuwa mai zuwa za a sayar da ita.

An buɗe iyaka a watan Maris 2024, amma sharaɗin yana nan. Jarrabawa saura mako uku, kuma ƙaraminmu lissafi yana ba shi wahala. Don haka in kun ga mun daina fita wasan ƙwallo da yamma, muna zaure muna koya masa. Duk ɗan aji uku da ya iya lissafi ya taimaka mana, mu kuma za mu koya masa riƙe jita bayan jarrabawa.

Daga wakilan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida