Mu 'Ya'yan Manoma da Darasin Agirik

Duk ɗalibin da ya shiga ajin farko na babbar sakandare akan miƙa masa jerin darussa a ce ya zaɓa. Turanci da Lissafi ba a tambayar ra'ayin kowa a kansu. A cikin sauran ne mutum ke da ta cewa, kuma nan ne darasin Noma, wanda muka fi kira Agirik, yake faɗowa.

Mu da muka tashi a Farin Dutse, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, mun sha jin maganganu biyu a kan wannan darasi. Wani ya ce, "Noman da na baro a gida shi zan sake tararwa a aji?" Wani kuma ya ce, "Ɗauki kawai, ai maki ne a ɓagas." Su biyun nan suna ganin sun saɓa, alhali tunaninsu ɗaya ne: wai ɗan manomi ya riga ya gama sanin abin da ke ciki.

Gaskiya ne mun iya riƙe fartanya tun ba mu iya riƙe biro ba. Mun san lokacin shuka da na firi da na maimai. Abin da ajin ya ƙara mana shi ne dalili. Iyayenmu suna haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko su sa gyaɗa bana a inda aka yi dawa bara, kuma idan ka tambaya sai a ce haka aka gada. Malaminmu na Agirik ya sa muka tumɓuke wake, muka wanke saiwar, muka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje a jikinta. Ya ce a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu kama sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Ashe kakanninmu taki suke shukawa.

Haka lambobin da ke jikin buhun taki. Shekara nawa muna sauke buhu mai rubutun 15-15-15 daga kan amalanke? Kowace lamba kaso ce cikin 100: ta farko naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, ta biyu fosfaras mai ƙarfafa saiwa, ta uku fotash mai taimakon ƙwaya da juriyar shuka. Yuriya kuwa naitirojin ce kashi 46, kuma idan aka watsa ta a saman ƙasa aka tafi, wani ɓangarenta iska yake bi. Shi ya sa ake cewa a tona a binne. A ƙasa mai yashi, irin wadda Hausa ke kira jigawa har jiharmu ta ci sunanta, ruwan sama mai ƙarfi kan wanke takin ya nutse inda saiwa ba ta kaiwa, don haka gara a raba shi kashi biyu a sa a lokuta daban. Da kuɗin buhu ɗaya a yau, wannan sanin kaɗai ya biya wahalar zama a aji.

To, ina batun aiki? Don mun san abin da ke ran yawancinmu ke nan. A Indiya, jarrabawar da ake ɗaukar manyan jami'an gwamnati da ita tana ba mai nema damar zaɓar darasi ɗaya da zai rubuta takardu biyu a kansa, kuma Noma yana cikin jerin, kafaɗa da kafaɗa da Shari'a da Tarihi. Mu a Nijeriya tsarinmu daban ne. Kafin ka tsaya gaban hukumar ɗaukar ma'aikata a Dutse ko Abuja, takardarka ce ke fara magana, kuma tushen takardar shi ne zaɓin da ka yi kana ɗan shekara 15 ko 16, wanda ka rubuta a WAEC ko NECO.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Agirik shi kaɗai ba ya kai mutum tsangayar noma. A jarrabawar JAMB, mai son karanta Noma yana rubuta Turanci, da Kemistiri, da Bayoloji ko Agirik, sai Fiziks ko Lissafi. Wanda ya guje wa Kemistiri ya ɗauki Agirik don ya huta, ranar cike fom zai tarar da ƙofa a rufe. Mai son likitanci kuma ya sani Agirik ba ya maye masa gurbin Bayoloji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a zangon farko ya kamata a zauna da malami a duba haɗin darussan.

Wuraren karatun ba su yi mana nisa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar noma. Akwai Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, wadda asalinta ma kwalejin aikin gona ce. Akwai Samaru ta Zariya, inda ake fitar da ingantaccen irin masara da dawa da gyaɗa. Digirin shekara biyar ne, kuma akwai shekarar da a gona ake yin ta, ga rana ga kaftu.

Ba za mu ce muku aikin gwamnati yana jiran kowa ba. Guraben malaman gona a hukumar JARDA ba su kai yawan masu nema ba. Amma lokacin da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016, manomi bai tambayi wa ke da takardar kama aiki ba, wanda ya san maganin da lokacin feshi yake nema. Masu sayen riɗi da zoɓorodo don fitarwa waje su ma suna neman mai sanin inganci da adana amfani.

Abin da ya fi ba ɗan ƙauye wuya a jarrabawar shi ne sunaye. A takardar gwaji akan ajiye abubuwa a kan tebur, ƙasa ko ƙwaro ko ciyawa ko kayan aiki, a ce ka faɗi sunan kowanne da amfaninsa ko ɓarnarsa. Ka san wuta-wuta sarai, ka sha cire ta a gindin dawa, amma mai duba takarda sunanta na boko yake nema. Dabarar da ta fisshe mu ita ce littafi guda mai layi a tsakiya: hagu sunan da muka ji a bakin tsofaffi, dama na cikin littafin karatu. Wasu ciyayin sai da muka kai wa malam su a leda kafin aka samo na dama.