Nasiha Ga Mai Neman Digirin Digirgir Na Binciken Cuta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in amsa tambayar da samarin unguwarmu suka dame ni da ita, watau me mutum zai tarar in ya shiga karatun digirin digirgir na binciken cututtuka. Gani ya kori ji, ni kuwa shekara 5 na yi a cikinsa.

Da fari, wannan karatu ba ya mai da mutum likitan asibiti. Da na ƙare, gwaggona ta zo ta ce, "Ɗan nan, tun da ka zama dakta, rubuta mini maganin gwiwa." Na ce, "Gwaggo, ba aikina ba ne." Ta ce, "To, shekara biyar me ka ke yi?" Ga abin da na yi.

A jami'o'inmu, kamar Jami'ar Bayero ta nan Kano, ba a karɓar mutum sai yana da digiri na biyu, kuma ba a ƙarewa ƙasa da shekara 3. Za a fara da darussa, musamman ƙididdiga da hanyoyin bincike, a haɗa ka da malamin da zai lura da aikinka. Sa'an nan ka zaɓi tambaya guda ƙanƙanuwa wadda ba a riga an amsa ba, ka tsaya gaban malamai ka bayyana yadda za ka bi ta. Tawa a kan amosanin jini ce, watau sikila, cutar da ta ɗauke ƙanwata tana shekara tara.

Kafin ka taɓa jinin kowa, lalle sai kwamitin ɗa'ar bincike ya yarda. Kada ka ɗauki wannan ɓata lokaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Mutanen birni ba su manta ba. Uba zai dube ka ya ce, "Malam, me za ku yi da jinin ɗana?" Tilas ka ba shi amsa da Hausar da zai gane, in ya ƙi kuwa, ka yi masa godiya ka wuce.

Wata takwas na yi ina tara jini, ina ajiyewa a cikin firji mai tsananin sanyi. Ran nan da bazara wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi har kwana biyu, duk ya lalace. Wallahi na yi niyyar barin karatun. Wani ma ya raɗa mini cewa in rubuta lambobin da suka dace, wa zai sani? Malamina ya ce, "Kai za ka sani, kuma wata rana a yi wa ɗan wani magani bisa ƙaryarka." Sabo da haka na koma wurin iyayen ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu gaskiya, na sake roƙo. Waɗansu suka ƙi, ban kuwa ga laifinsu ba. Wata uwa ta miƙo hannun ɗanta ta ce, "Tun da ba ka ɓoye ba, ɗiba." A nan na gane jinin nan amana ne, kuma riƙon amanar shi ne ainihin karatun.

Bayan gwaji sai rubutu. Za ka aika da sakamako ga mujallun ilmi, masana su yi ta gyara, watakila su mayar maka. Daga ƙarshe ka haɗa kundi, malami ya zo daga wata jami'a ya jarraba ka baki da baki.

Wahalar nan ba a banza ta ke ba. A 2022 aka buga sakamakon binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da wani asibiti a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Ya nuna ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki kamar yadda matsakaicin awo ke yi. Wannan sauƙi ne ga talaka mai sayen magani.

To, 'yan'uwa, kafin ku shiga ku bincika abu uku. Shin malamin yana da lokacin ɗalibansa? Wa zai biya kuɗin kayan gwaji, alhali galibinsu daga ƙasashen waje a ke sayo su? Ina za a ajiye jini in wuta ta ɗauke? Wanda ke son a ce masa dakta kawai, ya nemi wata hanya. Wanda wata tambaya ta hana shi barci, bismilla. Gwaggo kuwa, na raka ta asibiti da kaina.

Allah ya ba mu haƙuri da riƙon amana, amin.

Ni ne naka,
Ɗan Birni,
Unguwar Yakasai, Kano.