Kuka Da Danginta A Hanyar Dirin Daji

'Yan'uwana mata, wadda duk tafiya ta kai ta Dirin Daji, hedkwatar Sakaba a ƙasar Zuru, kada ta yi gyangyaɗi a mota. Ta dubi itatuwa, musamman da rani, sa'ad da ganye ya kaɗe, kowane itace ya tsaya da ainihin siffarsa.

Kuka dai ba ta ɓuya. Ga ƙaton gindi mai santsi, ga 'ya'ya suna reto. Ruwa take tarawa a jikinta, shi ya kumbura ta. Furenta fari ne, da dare yake buɗewa, jemagu ke ziyartarsa. Amma ƙaramar kuka ganyenta falle ɗaya ne, sai ta girma yake rabuwa kamar yatsu. Don haka manoma da yawa kan sare ta da fartanya ba su san miyar jikokinsu suka sare ba. 'Yan makaranta, ku nuna wa iyayenku wannan.

A gefen duwatsu kuwa sai ku nemi kukkuki. Ɓawonsa na saɓulewa kamar takarda, ganyensa mai faɗi da laushi, in an sassare shi sai ƙaro ya fito. A Senegal matan gida na zuba ƙaron nan a abinci. 'Ya'yansa kan tsage kamar ɗan kwalekwale, da ƙaiƙayi a ciki, kada yaro ya sa yatsa. Gurjiya ita ce mai ƙaya a jiki da jan fure tsakiyar rani.

Abin mamaki, danginsu har Ostareliya. Can a Queensland akwai wanda ake kira itacen kwalba, don cikinsa ya kumbura wuyansa ya tsuke. Da shi da ɗan'uwansa kurrajong, wanda mutanen ƙasar na asali ke tufka igiyar kamun kifi da ɓawonsa, sun fi kusa da kukkukinmu da goro fiye da kuka. Masana tsiro sun haɗa su duka gida ɗaya da kuɓewa da auduga.

Sai a yi hattara da kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wadda akan dasa a gida don ado. Kama ce kawai, ba dangi ba ce. Ruwanta dafi ne, har maharba sukan shafa wa kibiya. Ganyenta kada ya kusanci tukunya, kuma a nisantar da yara da awaki.