Aynur: Hasken Wata a Bakin Adarawa

Aynur suna ne na mata da aka sani a Turkiyya da Azarbaijan da Kazakistan. Gaɓa biyu gare shi, kowace da asalinta. "Ay" kalmar Turkanci ce mai nufin wata, kuma kamar a Hausa, ta haɗa watan sama da watan lissafi. Tsohuwar kalma ce, domin tana cikin rubutun duwatsun Orhon na Mongoliya, na ƙarni na 8, tana kuma cikin ƙamusun da Mahmud al-Kashgari ya wallafa a shekarun 1070. "Nur" kuwa Larabci ce, wato haske. Musulunci ne ya kai ta bakin Turkawa, kamar yadda ya kawo mana Nura da Nuratu. A haɗe, sunan na nufin hasken wata.

Bara yayana, wanda ya yi karatu a Turkiyya, ya so a raɗa wa ɗiyarsa wannan suna a Tawa. Inna ta ƙi, ta ce sunan da ba a san gidansu ba, ba a yanka masa rago. Aka kirawo ni, tunda an ce ilimin harshe nake karantawa. Kawunmu malami ya ce tushensa "ainun" ne, wato ido a Larabci. Wani abokina ya kawo "ayyur", wata a harshen Barbar na Maroko, dangin Tamajak da muke ji a Abalak. Na ce duka biyun kamar sauti ce, kuma kama da wane ba ta wane ba ce. Sannan na warware musu gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya.

Inna ba ta kula da zancen Orhon ba. "Nur" ta riƙe, saboda sura ta 24 ta Alƙur'ani sunanta ke nan, a kan haka ta amince. Kafin a watse daga taron suna har ta datse shi ya koma Ainu, yadda kakanninmu suka mai da A'isha A'i, Khadija kuma Dije.

A aji muna bin kalma baya har tushenta. A gida kuwa, baƙuwar kalma sai an gane wani danginta kafin a ba ta masauki, sannan baki ya gyara ta daidai da gaɓar Hausa. Mai nazarin sunayen Adar yana buƙatar tarihin nan biyu, kuma na biyun a bakin tsofaffinmu yake.