Hutun Yara da Maganar Haƙora

Asabar

Yaran Yaya sun iso hutu bayan la'asar, su uku. Da aka zauna cin tuwo na lura ƙaramar, wadda ba ta daɗe da cika shekara shida ba, tana karkatar da kai tana tauna da ɓari guda. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Na haska mata fitilar waya, sai ga baƙin kogo a wani haƙori na can ciki ta hagu, dasashin da ke kewaye da shi ya yi jajur. Babban wanta ya ce ai tsutsa ce, haka aka gaya musu a gida.

Kowannensu ya zo da burushinsa a leda, duk bakin burushin ya baje. Na ce yaushe kuke goge baki? Suka ce da safe kafin makaranta. Na ce da dare fa? Suka dubi juna. Na tsakiyar ya ce, "Gwaggo, da dare ai ba inda za mu."

Lahadi

Amsar yaron nan ta hana ni sakat tun jiya, don gaskiyarmu ya faɗa, manya da yara. Muna wanke baki ne saboda mutane, kada a ji wari idan mun yi gaisuwa. Shi ya sa na safe ba ya wuce mu, na dare kuwa ba mu ɗauke shi komai ba. Alhali ɓarnar da dare ake yin ta. Ƙwayoyin cutar da ke manne a jikin haƙori suna cin sukari da ragowar abinci, su fitar da ruwa mai tsami da ke cinye ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Da rana yawu yana wanke tsamin, har ya mayar wa haƙori wani abu daga abin da ya rasa. Idan aka yi barci yawu yakan ragu ƙwarai. Yaron da ya sha shayi mai sukari ya kwanta, ya bar haƙoransa a cikin tsami har asuba ba mai taimakonsu.

Na je kanti na sayo burushi masu laushi, na yara masu ƙaramin kai. Wajen makilin na tsaya na karanta jikin kwali, don abin da ake nema shi ne sinadarin fuloraid, kuma ana rubuta adadinsa, daga 1,000 zuwa 1,500 ppm. Ƙamshi da launi da yawan kumfa ba su ne aikin ba. Bayan isha'i na jera su a bakin rariya. Ƙaramar na matsa mata daidai ƙwayar wake, na riƙe burushin da hannuna, domin yaro mai shekarunta hannunsa bai ƙware ba. Minti biyu ya yi musu tsawo har suna ƙorafi. Abin da ya fi ba su wuya shi ne da na ce a tofar kawai, kada a kurkure, don makilin ɗin da ya rage ya kwana yana aiki.

Litinin

Mun yi sammako asibitin haƙori. Likitar ta duba, ta ce babu wata tsutsa, ruɓewa ce, kuma an yi sa'a ba ta kai ga jijiya ba. Ta share kogon ta cike shi. Yarinyar ta yi kuka kaɗan, ta yi shiru.

Na faɗa wa likitar abin da na san za a ce a gida, cewa haƙorin yarinta ne, ai famfara za ta yi ya faɗi. Ta girgiza kai. Ta ce, "Malama, na gaba ne ke faɗuwa yanzu. Waɗannan na ciki sai yaro ya kai shekara goma zuwa sha biyu. Idan aka cire wannan tun yanzu, na kusa da shi za su matso su toshe wa na girma hanya." Sannan ta nuna mini wani sabon haƙori da ya fara leƙowa a bayan wanda aka cike. Wannan, in ji ta, na girma ne, yana fitowa wajen shekara shida ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa na yarinta su ƙyale shi. Yaro yana da haƙoran yarinta 20, babba 32, kuma wannan da ya fito a ɓoye yana cikin waɗanda suka fi saurin ruɓewa. Idan ya tafi babu wani a bayansa.

A ɗakin jira kusan kowa da hannu a kunci ya zo. Ba ma zuwa sai ciwo ya hana mu barci, lokacin kuma sau da yawa sai dai a cire. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wata cutar baki, wato kusan rabin mutanen duniya.

Talata

Yau babban ne ya tayar da hankalin gida. Ya tofar ya ga jini, ya ajiye burushi ya ce ba zai ƙara ba, ya yanke masa dasashi. Hajiya ta goyi bayansa, ta ce a bar yaro ya huta, a daka masa gawayi da gishiri kamar yadda aka yi musu a zamaninsu.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, jinin nan ba daga burushi yake ba." Dauɗar da ta taru a gindin haƙori ce ta sa dasashi kumbura, dasashi mai kumburi kuwa ko taɓa shi aka yi sai ya yi jini. Idan aka daina gogewa, dauɗar ta ƙaru, ta daskare ta zama dutse wanda burushi ba ya iya cirewa, sai likita ya kankare. Daga nan dasashi ya fara janyewa, ƙashin da ke riƙe haƙori ya zaizaye, har haƙori mai lafiya ya soma girgiɗi. Yawancin giɓin da muke gani a bakin tsofaffi muna cewa tsufa ne, ta nan ya biyo. Gawayi kuma yana sa fari na ɗan lokaci, amma kartar haƙori yake yi, ɓawon da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Na nuna wa yaron yadda zai kwantar da burushin a mahaɗar haƙori da dasashi, ya riƙa juya shi a hankali ba da ƙarfi ba. Hajiya ta yi shiru. Can da yamma ta kira ni ɗaki ta ce ita ma takan ga jini. Wannan ya dame ni fiye da na yaron, domin tana da ciwon sukari, kuma ciwon sukari da ciwon dasashi kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Laraba

Mai tallan gullisuwa da tuwon madara ta zo, yara suka yi caa. Ban hana ba. Na ce a ajiye sai an ci abincin rana a haɗa a ci gaba ɗaya, a sha ruwa. Alewa ɗaya da za a yini ana tsotsa ta fi biyar da aka cinye a zama guda illa, don duk sanda sukari ya shiga baki sai tsamin ya tashi sabo. Zoɓo da lemon kwalba ma na ce a bari sai lokacin cin abinci.

Alhamis

Baba ya zauna a zaure da asuwakinsa, na tsakiyar ya zauna kusa da shi yana kallo. Baba ya haura saba'in, kuma haƙoransa suna nan, sai dai jan goro. Na daɗe ina ganin cewa ba icen kaɗai ya tsare masa su ba, yawan yin ne. Kowace alwala sai ya yi asuwaki, sau biyar a yini, na ƙarshe da isha'i, kuma bayan isha'i ba ya cin komai. Ga shi ba ma'abocin zaƙi ba ne. Abin da likitoci ke roƙon mutane su yi, shi sunna ta riga ta tsara masa shi tun yana yaro.

Ba na jin daɗin yadda wasu 'yan boko ke raina asuwaki. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi a inda aka saba da shi. Amma yana da ƙa'ida. Baba ya nuna wa yaron: a yanke bakin da ya tsufa, a tauna sabo har ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, a goge harshe. Masu saƙala shi a baki suna yawo suna goge na gaba huɗu ba su yi komai ba. Kuma ice miƙaƙƙe ne, da wuya ya kai bayan haƙoran can ciki, ba ya kuma maye gurbin fuloraid ɗin makilin. Na ce wa yaran su riƙe duka biyun, asuwaki da rana, burushi safe da dare.

Abu ɗaya na roƙi Baba ya bari, sakace da tsinken tsintsiya bayan cin nama. Ya ce zai duba.

Juma'a

Ina duba dasashin ƙaramar da daddare, kumburin ya sauka, sai cutar noma ta faɗo mini a rai. Ita ma daga kumburin dasashi take farawa, galibi a yara 'yan shekara biyu zuwa shida da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ƙashi. A Sakkwato akwai asibiti guda na musamman dominta tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Idan an gano ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Uwar da ta saba buɗe bakin ɗanta kullum da dare ita ce za ta fara ganin alamar.

Asabar

Jinin babban ya ragu sosai, yau ɗan ɗigo kawai ya gani. Na kira Yaya na zayyana masa komai. Ya ce matsalarsa yaran sukan yi barci a gaban talabijin kafin a tuna. Na ce to a yi da zarar an sallame isha'i, kuma bayan an goge sai ruwa kawai. Ya ce zai gaya wa mamansu ta riƙa riƙe wa ƙaramar burushi, a kuma canza musu duk bayan wata uku.

Hajiya ta yarda in kai ta a kankare mata haƙora ranar Litinin, da sharaɗin ba za a cire mata ko ɗaya ba sai an gaya mata tukuna.