Rumfar Fure a Garin Ashikaga

Garin Ashikaga yana arewa da Tokiyo, babban birnin Jafan, tafiyar kimanin kilomita 80. A da an san shi da saƙa, amma yau abin da ke jan baƙi zuwa can shi ne wata itaciya mai yaɗo wadda mutanen ƙasar ke kira fuji, Turawa kuwa su ce wistariya. Dangin wake ce, har kwanso take yi irin nasa, sai dai 'ya'yanta guba ne.

Idan sanyi ya wuce, watau daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, mai ziyara zai tarar da ita a lambun furanni na garin, ta lulluɓe rumfa mai faɗin murabba'in mita 1,000, alhali gindinta ɗaya ne tak. Furanninta masu launin shuni-shuni suna rerowa ƙasa kamar zangarniya, ƙamshi ya cika wurin, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Da dare a kunna mata fitilu. Shekarunta sun haura 150.

Abin mamaki, ba nan ta tsiro ba. A 1996 aka ciro ta daga wani lambu mai nisan kimanin kilomita 20, a ƙarƙashin jagorancin Tsukamoto Konami, mace ta farko da ta zama likitar itatuwa a Jafan. Da yake jikin fuji yana da taushi, ƙujewa kaɗan kan sa ya ruɓe, sai ta sa aka naɗe gindin da filasta irin ta ɗaurin karaya kafin a ɗaga shi. Itaciyar ta kama, aka buɗe lambun a 1997.

To, mai sha'awar dasa ta sai ya shirya wa aiki. Tana jure ƙanƙara, har ma tana bukatar sanyi kafin ta yi fure sosai. Tana son rana da rumfa mai ƙarfi, don nauyinta kan karya katako. Sau biyu ake yi mata aski a shekara, bayan fure da kuma cikin hunturu, in ba haka ba sai ta ɓuge da ganye. Yawan taki ma haka yake jawowa. Wadda aka shuka daga iri kan shekara goma ko fiye ba ta nuna fure ba, shi ya sa masu lambu suka fi sayen dashen da aka yi wa aure.